Kalmar Turanci "Overcome": Ma'anarta da Yadda Mai Wa'azi Zai Juya Ta

Gabatarwa

Yawancin littattafan da ɗalibin tauhidi yake karantawa da Turanci aka rubuta su, kama daga sharhin Littafi Mai Tsarki har zuwa tarihin ikkilisiya. Amma ran Lahadi, idan ya tsaya gaban jama'a, da Hausa zai yi magana. Haka kuma idan baƙon mai wa'azi ya zo daga kudu ko daga ƙetare, fasto ko wani dattijon ikkilisiya ake kira ya yi tafinta. A nan ne kalma ɗaya take iya gyara wa'azi ko ta karkatar da shi, kuma jama'a ba su da hanyar gane abin da ya faru, domin abin da tafinta ya faɗa shi suka ji.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi ita ce overcome. Muna ganinta a allunan majami'u da takardun gayyatar taron farkawa, muna kuma jinta a waƙoƙi da addu'o'i. Da yawanmu da zarar mun ji ta sai mu ce "cin nasara" mu wuce. Sau da yawa hakan daidai ne. Akwai kuma wuraren da wannan fassara takan juya maganar baibai, akwai inda takan sa mai sauraro ya ɗauka an ba shi izinin murƙushe maƙwabcinsa. Wannan darasi zai duba yadda Turawa suke amfani da kalmar, da kalmar Helenanci da take tsaye a madadinta cikin Sabon Alkawari, da irin nasarar da ake nufi.

Asalin kalmar da siffofinta

Overcome aikatau ce, an haɗa ta daga kalmomi biyu: over, wato "bisa" ko "a kan", da come, wato "zo". Tsohuwar kalma ce, tun zamanin tsohon Turanci na fiye da shekara dubu da suka wuce ake rubuta ta ofercuman. Hoton da ke cikinta shi ne na mutum ya zo ya hau kan abin da ya tare masa hanya. Bahaushe ma yana da irin wannan hoto idan ya ce "an shawo kan matsalar" ko "ya yi galaba a kansa".

Ba ta bin ƙa'idar ƙara -ed a shuɗaɗɗen lokaci. Tana bin sahun come ne. Ana cewa I overcome ga abin da ake yi yanzu ko kullum, I overcame ga abin da ya wuce, I have overcome ga abin da ya riga ya kammala amma sakamakonsa yana nan. Wanda ya rubuta overcomed ya yi kuskure, ko da yake ana yawan ganinsa a takardun jarrabawa. Overcometh da ake gani cikin juyin King James na shekarar 1611 tsohuwar siffa ce kawai ta overcomes, ba ta ɗauke da wata ma'ana ta daban. Sunan da aka ciro daga kalmar, overcomer, an fi jinsa a bakin masu bi. Ba kasafai ake samunsa a jarida ko maganar yau da kullum ba.

Kada a rikita ta da come over. Idan aka ce Come over tomorrow, ana nufin "ka zo gobe". Idan aka ce What has come over you? ana tambaya ne "me ya same ka?" Haka kuma overtake ita ce ta direba, wato a cim ma motar da ke gaba a wuce ta.

Hanyoyi uku da ake amfani da ita

Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce kalmar ta zo tare da abin da aka rinjaya. A Turancin yau, wannan abu yawanci matsala ce, ko cikas, ko wani hali da ke cikin mutum. She overcame her fear of water, wato ta shawo kan tsoron ruwa da take yi. He overcame his anger, wato ya danne fushinsa, ko ya ci ƙarfin zuciyarsa. The school overcame many difficulties, wato makarantar ta tsallake wahalhalu masu yawa. A lura, a kowane misali akwai fama kafin a kai ga nasara. Ba a cewa mutum ya yi overcome na abin da bai taɓa ba shi wuya ba. Ana iya amfani da kalmar ga mutane, kamar The guards overcame the thief, masu gadi sun fi ƙarfin ɓarawon, amma wannan ya fi zuwa a rubutu.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi kā da tafinta. Idan aka sa was ko were kafin kalmar, aka bi ta da by ko with, to mutumin da ake magana a kansa shi ne aka fi ƙarfinsa. He was overcome by smoke, wato hayaƙi ya shaƙe shi har ya galabaita. She was overcome with grief, wato baƙin ciki ya ci ƙarfinta. Abin da ya rinjayi mutum ba lalle ya zama mugun abu ba: They were overcome with joy na nufin murna ta cika su har suka rasa ta cewa. Saboda siffar kalmar ba ta canjawa, bambancin He has overcome da He was overcome ƙaramar kalma ce guda a tsakiya, amma na farko ya yi nasara, na biyu an yi nasara a kansa. Idan mai wa'azi yana sauri, tafinta kuma ya kama overcome kaɗai, zai iya shelanta nasarar mutumin da aka kayar.

Hanya ta uku ita ce kalmar ta tsaya ita kaɗai, ba a ambaci abin da aka rinjaya ba. Wannan amfani ya yi kaɗan a maganar yau da kullum, harshen Littafi Mai Tsarki ne ya riƙe shi. Daga majami'un baƙaƙen fata na Amurka ya shiga fafutukar neman 'yanci ta shekarun 1950 da 1960, wadda Martin Luther King yake cikin jagororinta. Sanannar waƙar wannan fafutuka a kan wannan kalma aka gina ta, masu rera ta kuwa mutane ne da suka ɗauki alkawarin ba za su rama duka ba.

'Yan'uwanta a Turanci

Akwai kalmomi da suke kusa da overcome, amma kowacce da inda ta fi dacewa. Defeat ita ce kā da abokin karawa, a yaƙi ko zaɓe ko shari'a. Beat ma haka take, sai dai ta fi zama ta hira da filin ƙwallo. Conquer ita ce ci da yaƙi, a karɓe ƙasa a mallake ta, kamar yadda Romawa suka ci ƙasashe. Overpower ta shafi ƙarfin damtse. Overwhelm tana nuna abin da ya yi yawa har ya lulluɓe mutum, kamar ambaliya. Prevail ita ce rinjaye bayan doguwar ja-in-ja. Endure kuwa jimrewa ce, ba ta faɗi ko an fita daga wahalar ba. Overcome tana tsakanin jimrewa da rinjaye: an sha wuya, an tsaya, wuyar ba ta kai mutum ƙasa ba.

Kalmar Helenanci da ke bayanta

A yawancin wuraren da overcome ta fito cikin Sabon Alkawari na Turanci, kalmar Helenanci ita ce nikao. Lambarta 3528 ce a konkodans na James Strong, littafin nan da aka fara bugawa a 1890 wanda ya jera kalmomin Littafi Mai Tsarki da ayoyin da suke ciki. Nikao ta fito sau 28: sau 17 a Wahayin Yahaya, sau 6 a wasiƙar Yahaya ta fari, sau 3 a Romawa, sau ɗaya a Bisharar Yahaya, sau ɗaya a Luka. Wato 24 cikin 28 suna cikin rubuce-rubucen da ke ɗauke da sunan Yahaya.

Kalma ce da kowane mai jin Helenanci a ƙarni na farko ya saba da ita. Ana faɗinta ga soja da ya ci yaƙi, da ɗan tsere da ya zo na ɗaya, da wanda ya ci shari'a, kamar yadda Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 3:4. Helenawa suna da gunkiyar nasara mai fikafikai da suke kira Nike, daga sunanta ne kamfanin takalman wasanni na Nike ya samo nasa. Saiwar kalmar tana cikin sunaye da muke karantawa kullum ba mu lura ba: Nikodimu, Nikolas, Barniki, Afiniki uwar Timoti, da Tasalonika. Nikafolis da Bulus ya ambata a Titus 3:12 ma'anarta "birnin nasara". Sanannen birni mai wannan suna a yammacin ƙasar Helas, Kaisar Augustas ne ya gina shi don tunawa da yaƙin ruwa da ya ci a Aktiyum shekara 31 kafin haihuwar Almasihu. Saboda haka idan masu karatu na farko suka ji nikao, abin da zai fara zuwa musu shi ne sarki da rundunarsa da kamammu ɗaure da sarƙa.

Juye-juyen Turanci ba su bi hanya ɗaya ba wajen fassara ta. A wasiƙun ikkilisiyoyi bakwai, King James ya sa overcome. RSV da ESV sun sa conquer. NIV ta 1984 ta sa overcome, amma wadda aka sabunta a 2011 ta koma victorious. Idan littafin sharhi ya yi amfani da conquer, Littafi Mai Tsarkin da ke hannunka kuma ya ce overcome, kada ka ɗauka maganganu biyu ne. Kalma ɗaya ce a asali.

Inda Turanci zai iya ruɗar mai bincike

Akwai wuraren da za ka ga overcome a Turanci alhali ba nikao ce a asali ba. Ɗalibin da ya tattara ayoyi ta wurin bin kalmar Turanci kaɗai, ko a konkodans ko a wayarsa, zai haɗa abubuwan da ba su da dangantaka.

A Yahaya 1:5, inda ake maganar haske da duhu, ESV da sabuwar NIV sun sa overcome. Kalmar Helenancin katalambano ce, wato kamawa, kuma tana iya nufin cafkewa da ƙarfi ko kuwa ganewa da hankali. Shi ya sa King James da tsohuwar NIV suka bi ma'anar ganewa. A Matiyu 16:18, maganar ƙofofin Hades da ikkilisiya, NIV ta sa overcome, kalmar asali kuwa katischuo ce, wato fin ƙarfi. A 2 Bitrus 2:19-20, overcome ta King James irin ta hanya ta biyu ce: ana maganar mutumin da zunubi ya kayar ya mai da shi bawa. A Ayyukan Manzanni 20:9, ESV ta yi amfani da kalmar ga saurayin nan Aftikos wanda barci ya sace a bakin taga a Taruwasa. A Markus 9:24, NIV ta sa overcome a roƙon uban yaron nan mai aljani, amma a Helenanci babu wata kalmar nasara a wurin, taimako kawai ya roƙa saboda rashin bangaskiyarsa, masu fassara ne suka ƙara kalmar don bayani. A Tsohon Alkawari kuma, inda Kalibu ya ƙarfafa jama'a su haura ƙasar alkawari (Littafin Ƙidaya 13:30), kalmar Ibrananci yakol ce, ainihinta "iyawa". Wannan ba laifin masu fassara ba ne. Yana nuna mana cewa ba a gina koyarwa a kan kalmar Turanci sai an duba abin da ke ƙarƙashinta.

Irin nasarar da Yahaya yake nufi

Yahaya ya ɗauki kalmar sarakuna da sojoji ya cika ta da wata ma'ana. Sau ɗayan da ta fito a Bishararsa (16:33), Yesu ne ya faɗe ta game da duniya, da siffar abin da ya riga ya kammala. Ya faɗe ta ne a daren da za a kama shi, kafin bulala da gicciye, kuma a cikin ayar ya gaya wa almajirai cewa wahala tana jiransu. Wanda ya yi wa'azin nasarar da ke cikin wannan aya ya tsallake wahalar, rabin ayar ya karanta.

A Wahayin Yahaya 5:5-6, an gaya wa Yahaya cewa Zaki na kabilar Yahuza ya yi nasara. Da ya duba, Ɗan Rago ya gani mai alamar yanka. Abin da ya ji da abin da ya gani mutum ɗaya ne, hanyar da Zakin ya ci nasara ita ce miƙa kansa ga yanka. Sauran amfanin kalmar a littafin daga nan suke samun ma'anarsu.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, littafin ya yi amfani da nikao ga ɓangarorin biyu. A 11:7 dabbar ta yi nasara da shaidun nan biyu ta kashe su, a 13:7 kuma an bar ta ta yi nasara da tsarkaka. Amma a 12:11 'yan'uwa ne suka yi nasara da mai ƙararsu, ta jinin Ɗan Ragon da shaidar da suka bayar, domin ba su ɗauki ransu ya fi amincinsu daraja ba. A 15:2 kuma an ga waɗanda suka yi nasara da dabbar suna tsaye suna waƙa. Mutuwa ɗaya ce ake kallo daga wurare biyu. Mai mulkin duniya ya ce ya gama da su, sama kuma ta ce shi ne ya kāsa, tun da abin da yake nema shi ne su yi musun Ubangijinsu, bai kuwa samu ba.

Kowace daga wasiƙu bakwai na sura 2 da 3 tana da alkawari ga mai nasara, siffar kalmar kuma tana nuna wanda yake kan yi, bai riga ya gama ba. Ba a ambaci wanda zai kayar ba, sai a duba halin kowace ikkilisiya a gane abin da take fama da shi. Afisa ta bar ƙaunarta ta farko. Birgamas da Tayatira sun ƙyale koyarwar ƙarya da lalata. Sardisu tana da sunan mai rai alhali matacciya ce. Lawudikiya ta dogara ga dukiyarta ta zama tsaka-tsaki. Biyar cikin bakwai ke nan, abin da aka tsawata musu a kai a cikin gida yake. Biyun da ba a tsawata musu ba, Samirna da Filadelfiya, ɗaya matalauciya ce mai shan tsanani, ɗaya kuma ƙarfinta kaɗan ne. Ga Samirna, nasara ita ce aminci har mutuwa. Tarihi ya nuna yadda hakan ya kasance: wajen shekara ta 155 aka kashe Folikaf, bishop na wannan gari, yana tsoho tukuf, saboda ya ƙi zagin Almasihu.

Bulus bai saɓa da wannan ba. A Romawa 8:37 ya ƙara wa kalmar ƙarfi ya ce hupernikao, wato nasara har da rara, sau ɗaya tak da ta fito a Sabon Alkawari. Ya faɗe ta ne bayan ya jera tsanani da yunwa da tsiraici da takobi, ya kuma ce a cikin waɗannan abubuwa ne nasarar take. A Romawa 12:21 ya sa kalmar sau biyu a aya ɗaya, da fuska biyun da muka gani a Turanci: akwai mugunta ta rinjayi mutum, akwai mutum ya rinjayi mugunta. Ayoyin da suka gabata sun hana ramuwa, sun ce a ciyar da maƙiyi a shayar da shi. Bisa ga wannan, wanda aka zalunta ya ɗauki makami ya rama, shi ne aka rinjaya, ko da ya kashe wanda ya zalunce shi.

Abin da wannan yake nufi ga mai wa'azi da tafinta

Jama'ar da muke yi wa hidima sun san asara. Akwai waɗanda aka ƙona musu gida ko gona, akwai gwauraye da marayu, akwai masu ciwon da ya ƙi jin magani. Idan muka juya overcome da "murƙushe" ko "ga bayan maƙiyanku", mai ciwo a zuciya zai sa fuskar wani mutum a gurbin maƙiyin, wataƙila maƙwabcinsa, wataƙila wata kabila ko wani addini. Amma duk inda masu bi ne suke yin nikao cikin Sabon Alkawari, abin da suke rinjaya shi ne Mugun, da duniya a ma'anar tsarin da ke gāba da Allah, da koyarwar annabawan ƙarya, da mugunta, da dabbar. Babu wurin da suka yi ta da makami. Afisawa 6:12 ma ta faɗa a fili cewa kokawar ba da 'yan Adam ake yinta ba.

Idan kuma muka mai da nasara ta zama samun kuɗi da lafiya da ƙarin girma, gwauruwar da ta binne mijinta ba ta bar bangaskiya ba za ta koma gida tana ganin ita ce ta kāsa. A ma'aunin Wahayin Yahaya, ita ce mai nasarar da ake yi wa alkawari. Hakkinmu ne ta ji haka daga bakinmu.

Ga abin da zai taimaka a aikace. Kafin ka juya kalmar, ka saurari ƙaramar kalmar da ta zo gabanta, ko has ce ko was, don ka san wanda ya rinjayi wani. Sa'an nan ka tambaya mene ne aka rinjaya. Idan matsala ce, "shawo kan" ya fi dacewa. Idan hali ne kamar fushi ko sha'awa, ka ce "danne" ko "fi ƙarfin". Idan barci ne ko kuka ko murna, ka bar Hausa ta faɗe shi yadda ta saba: barci ya ɗauke shi, kuka ya ƙwace mata. Idan nikao ce ta Yahaya ko Bulus, "yi nasara" ko "rinjaya" sun isa, amma ka ɗauki lokaci ka bayyana wa jama'a ta wace hanya aka yi nasarar. Ka kuma buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ka karanta ayar yadda take, maimakon ka juya ta da ka daga Turanci.

Kada kuma a mai da kalmar ta zama haƙuri kawai, irin na wanda ya rungumi ƙaddara ya yi shiru. Mai nasara a Wahayin Yahaya yana ba da shaida, yana tuba inda aka tsawata masa, yana ƙin sujada ga abin da ba Allah ba. Neman adalci a gaban hukuma ma bai saɓa da wannan ba, domin Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Abin da aka hana shi ne mugunta ta mai da mu irinta.

Tambayoyi don nazari da tattaunawa

1. Juya waɗannan zuwa Hausa, ka kuma faɗi wanda ya rinjayi wani a kowace: The farmer has overcome his loss. The farmer was overcome by his loss.

2. Karanta Wahayin Yahaya 12:11 da 13:7 tare. Yaya za ka bayyana wa ajin baftisma cewa ayoyin biyu ba su saɓa wa juna ba?

3. Zaɓi ɗaya daga ikkilisiyoyi bakwai wadda halinta ya fi kama da na ikkilisiyar da kake hidima. Mene ne mai nasara zai rinjaya a wurin?

4. Baƙon mai wa'azi ya ce wa jama'a za su yi overcome na dukan maƙiyansu a wannan shekara, kai ne tafinta. Me za ka faɗa a lokacin, me kuma za ka tattauna da shi bayan sujada?

5. Shirya taƙaitaccen wa'azi na minti goma a kan Romawa 12:17-21 domin jama'ar da aka kai wa ƙauyensu hari.